Jakar Yaya Haruna Ba Zabira Ba Ce

Bana shekara tara ke nan da rasuwar yayana Malam Haruna, wanda mutanen Karaye da ƙauyukan Rogo suka fi sani da Malamin Dabbobi. Ya rasu ana tsakiyar cirar gyaɗa, bayan 'yar gajeriyar jinya. Ni ce ƙanwarsa da ke bi masa, uwa ɗaya uba ɗaya, tsohuwar malamar firamare da ta ajiye alli. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, don na san da yana raye cewa zai yi, "Binta, ke dai bakinki ba ya gajiya." Bana na ƙi fasawa, saboda wani abu da ya sami ɗansa Auwalu a daminar nan, wanda har yau bai bar zuciyata ba.

Ga wanda bai san shi ba, Yaya gajere ne kakkaura, mai saurin tafiya, kuma warin maganin kaska ba ya barin rigarsa ko da ranar Juma'a ce. Yana da wata ɗabi'a da ta sha haɗa shi da Inna, mahaifiyarmu. In ya shiga gidan mutane, kan turke idonsa yake fara sauka. Ana shimfiɗa masa tabarma ana yi masa sannu da zuwa, shi kuwa ya riga ya durƙusa ya buɗe bakin akuya yana duba dasashinta. Lokacin bikina dangin ango suka kawo rago suna ta taƙama da shi. Yaya ya zagaya shi, ya ja fatar idonsa ya leƙa, ya ce a gaban kowa tsutsar ciki ta gama da shi. Na daɗe ba na yi masa magana. Da aka yanka ragon kuma maganarsa ta tabbata, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Dokta mutane suke ce masa, shi kuma bai taɓa amsa sunan ba. Ya yi karatun kiwon lafiyar dabbobi, ya fito da takardar shaidarsa, amma matsayinsa na mataimaki ne a ƙarƙashin wani likitan dabbobi da ke kula da shiyyar gaba ɗaya. Rigakafi aikinsa ne, da ba da maganin tsutsa, da wankin kaska, da dandaƙar bijimai, da ɗaure rauni. In abu ya kai ga tiyata, ko wata cuta ta ɓullo wadda bai gane kanta ba, sai ya wanke hannu ya ce a jira likita. Masu dabbobi ba sa son jin wannan magana. Mutum ya taso tun daga Ruwan Bago da tunkiya ɗaure a bayan keke, a ce masa sai likita ya zo, ai dole ya yi ƙunƙuni. Yaya yakan bar shi ya gama ƙunƙuninsa, ya ba tunkiyar abin da zai sassauta mata, sannan ya aika wa likitan.

Inda ya fi shan baƙin jini shi ne kan maganar nono. Akwai allurar da in an yi wa saniyar tatsa, maganin yakan sauko cikin nononta na wasu kwanaki, kuma bai kamata mutum ya sha ba. Haka naman dabbar, in an yanka ta ba da jimawa ba bayan allurar. To Yaya ba ya barin ruga ko gida sai ya zaunar da mai saniya da matar da ke tatsa, ya yi musu bayani, ya maimaita, ya sa su maimaita masa kamar 'yan aji ɗaya. Wata dattijuwa mai tallan kindirmo ta taɓa tare ni a kasuwa ta ce in gaya wa yayana ya ji tsoron Allah, shi dai ba shi da buri sai ya ga ana zubar da nono a ƙasa. Da na kai masa saƙon dariya ya yi har da ƙwalla, ya ce in na gan ta in ce yana gaishe ta.

Auwalu shi ne ɗansa na fari, kuma duk wanda ya tashi a gidajenmu ya san abin da wannan ke nufi. Yaya bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai" yake ce masa, ko "wannan yaron", in kuma da ni yake zancensa sai ya ce "ɗanki". Kunyar ɗan fari ta kama shi fiye da yadda ta kama uwar yaron ma. Yana son sa kamar ransa, ni shaida ce, don ni yake kawo wa kayan sallarsa a ɓoye ya ce in ba shi a matsayin ni na saya. Amma ya zaunar da shi su yi hira, ko ya koya masa wani abu baki da baki, wannan bai taɓa faruwa ba. Aiki ne kawai ke haɗa su. Tun Auwalu yana firamare yake bin sa ranakun hutu, ya riƙe igiya, ya danne ƙafa, in an gama allura ya ja dabbar ya mayar da ita turke, ya wuce bakin rijiya wankin sirinji da kwanoni. Ba sa ce wa juna komai, amma in ka ga yadda suke kayar da sa mai gardama, sai ka rantse sun shirya abin tun a gida.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha, Malam Iro ya gyara murya. Malam Iro manomi ne a Gwangwan, aminin Yaya tun suna samari, kuma shanunsa duk a hannun Yaya suka girma. Ya ce jama'a, gida irin wannan ba a barin sa ya mutu. Wanzami in ya rasu ɗansa ake rataya wa zabira, maƙeri in ya kau ɗansa ke zama gaban wuta. Ga Auwalu ya zama mutum, ga hannu kowa ya shaida. Dattawa suka ce ƙwarai kuwa. Aka aiko cikin gida aka karɓi jakar aikin Yaya, aka ɗora wa Auwalu a cinya, aka yi addu'a Allah Ya sa ya fi ubansa. Ni ina bayan ƙofar zaure ina jin su, na kasa haƙuri na leƙa.

"Yaya Iro, wannan jakar fa ba zabira ba ce. Sai da ya je makaranta aka ba shi ita."

"Haba Binta," in ji shi, "yau ma ranar boko ce?"

Aka yi 'yar dariyar da ta sassauta zaman makokin, ni kuma na koma ciki ina huci.

Ban taɓa zargin mutanen nan da mugun nufi ba. Abin da suka sani suka yi, kuma don ƙaunar Yaya suka yi shi. A wurinmu sana'a a gida take, ɗa yana kallon uba har ya iya. Ga shi kuma an daɗe ba a turo wani malamin ba, dabbobi kuwa ba su daina ciwo don Yaya ya rasu ba. A lokacin Auwalu ya gama sakandare, yana noma, bai daɗe da aure ba. Ya hau babur ɗin ubansa ya shiga ƙauyuka, kuma gaskiya Allah Ya ba shi hannu. Har tiyata ya taɓa yi wa wata tunkiyar Malam Iro da haihuwa ta gagare ta, ta tashi ita da 'ya'yanta, labarin ya zaga ko'ina. Aka koma ce masa Dokta, shi kuma yana amsawa. Ni kaina in na ji ƙarar babur ɗin nan ta shigo unguwa da yamma, sai in ji kamar Yaya ne ya dawo. Ina jin daɗin ƙarar, ina kuma jin tsoron ta.

An kwashe shekaru a haka, sai wata rana na je suna a Yammedi. Ana cikin hidima aka kira Auwalu ya duba saniyar gidan da hantsarta ta kumbura. Ina zaune ina kallon sa. Ya shafa wuyanta yadda Yaya ke yi, ya zuƙi magani, ya soka allura saniyar ko motsi ba ta yi ba. Aka yi masa godiya, ya naɗe kayansa, ya doshi babur. Na yi ta jira in ga ya zaunar da masu saniyar, ban gani ba. Na yafa mayafi na bi shi waje.

"Auwalu, ba ka gaya musu maganar nono ba."

"Wace magana, Gwaggo?"

"Kwana nawa za su yi ba su sha nononta ba?"

Ya dube ni da mamaki. "Ai wannan allurar Baba ma yake yi. Kwalbar ma iri ɗaya ce."

"In ya gama, me yake ce wa masu saniya?"

Ya daɗe yana tunani, sannan ya ce a hankali, "Lokacin ina wajen rijiya."

Shekara da shekaru yaron nan yana bin ubansa, amma duk lokacin da Yaya zai zauna ya yi bayani, daidai lokacin ne shi yake jan dabba zuwa turke ko yake durƙushe yana wankin sirinji. Ya ga duk abin da hannun ubansa ya yi, bai ji abin da bakinsa ya faɗa ba. Uban kuma kunya ta hana shi ya kira shi gefe ya cike masa giɓin. Dattawanmu sun ba da gadon abin da ido ke gani, ba su san akwai wani rabin da ba ya cikin jaka ba. Na koma cikin gidan na ce wa matan kada a sha nonon nan, kada kuma a ba yara, sai an tambayo wanda ya sani.

A satin na sa shi gaba muka tafi birni wajen tsohon likitan da Yaya ya yi aiki a ƙarƙashinsa, wanda ya daɗe da yin ritaya. Da sunan gaisuwa na ja shi, don na san in na faɗi gaskiya zai ce babur ɗinsa ba lafiya. Dattijon yana ganin Auwalu ya cire tabarau ya share ido, ya ce kamar Haruna ne ya yi sallama. Bayan an gaisa an sha ruwa, na zayyana masa komai ban rage ba, Auwalu yana sunkuye yana wasa da bakin tabarma. Na zaci dattijon zai hau shi da faɗa. Sai ya ɗauko zancen Yaya.

"Ubanka duk ƙarshen wata gabana yake zuwa. Ya faɗa mini abin da ya yi, da abin da ya warke, da abin da ya mutu a hannunsa. Na sha yi masa faɗa har ya fita bai yi mini sallama ba. Akwai maganin da na hana shi taɓawa sai da na tabbatar ya gane awonsa. Ni ma da nake likita akwai hukuma a kaina, in na yi ganganci ta karɓe lasisina. To kai, wa ke yi maka faɗa?"

Auwalu ya ɗan saci kallona ya ce, "Sai dai Gwaggo, ranka ya daɗe."

Dattijon ya yi dariya har yana tari. "Faɗan Gwaggo yana da amfani, amma ba ta san awon magani ba. Ban yi shakkar hannunka ba, ɗana. Abin da nake ji maka tsoro shi ne ka yi kuskure yau, ka sake yin sa gobe, ka tsufa kana yin sa, babu wanda ya isa ya ce maka tsaya."

Har mun tashi tafiya, Auwalu ya tsaya a bakin ƙofa ya yi tambayar da ban taɓa jin ya yi wa kowa ba. Ya ce ko Baba ya taɓa yin zancensa. Dattijon ya ce kusan duk zuwa. Ya ce, "Haruna cewa yake yi yaron nan zai fi shi in ya yi karatu, in na ce masa to ka gaya masa mana, sai ya kau da kai ya ɗauko wani zancen." Muka hau mota muka kamo hanyar Karaye. Ni kuwa haushin Yaya ne ya cika ni. A raina na ce, Yaya, ka iya faɗa wa dangin ango a bainar jama'a ragonsu na da tsutsa, amma ka kasa ce wa ɗanka ya koma makaranta. Ko ni ce ai sai ka gaya mini in isar.

Bayan 'yan kwanaki Auwalu ya kai jakar ɗakin mahaifiyarsa ya ajiye, ya sanar da jama'a ya daina allura sai ya yi karatu. Ba ƙaramin abu ya yi ba. Da wannan aiki yake ciyar da iyalinsa, da shi kuma ake girmama shi a ko'ina. Gari ya ɗauka. Wasu suka ce ya yar da gadon ubansa, wasu suka ce gwaggonsa 'yar boko ce ta hure masa kunne, kuma wannan na biyun ban musa ba. Malam Iro ya zo takanas daga Gwangwan ya tsaya a ƙofar gidana ya wanke ni tas, ya ce na raba maraya da abincinsa, na raba talakawa da mai duba musu dabbobi. Daga ranar ya ɗauke ƙafa daga gidajenmu. Shi kuma Auwalu sai da ya koma ya gyara jarrabawar sakandare, yana zama aji ɗaya da sa'annin ƙannensa, kafin ya sami shiga kwalejin kiwon lafiyar dabbobi. Matarsa Sa'a ta riƙe gida da tuyar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, Allah Ya saka mata. Yanzu shekara ɗaya ta rage masa, kuma in an yi hutu yana koyon aiki a ƙarƙashin wani matashin likita a Rogo, wanda Auwalu ya girme shi nesa ba kusa ba.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yadda sana'arsa ta koma yau. Ranar kasuwa ka ga kwalaben maganin dabbobi a baje a rana kusa da mai shayi, kowa ya zo ya saya. Samari a kan babura, kowa da sirinji a aljihu, kowa Dokta. Wani ko sunan maganin ba ya iya karantawa, da launin kwalba yake gane shi, wannan na zazzaɓi, wancan na ƙiba. A yi wa rago allura ana gobe sallah, a yanka a ci. Na san ransa zai ɓaci, amma na san halinsa, ba zai ce a kira musu 'yan sanda ba. Zai tara su ne ya yi ta yi musu bayani har su gwammace da kama su aka yi. Wayar hannu mai ɗaukar hoto kuwa da ta yi masa daɗi. Da likitansa bai sake samun barcin rana ba, don duk kashin akuyar da bai gamsu da shi ba sai ya ɗauka ya tura masa.

Yanzu ana ta maganar cewa duk mai wannan aiki, daga mataimakin likita har mai sayar da magani, sai ya yi karatu, ya yi rajista, ya riƙe lasisi, kuma ya zama akwai likitan da ke sa masa ido. Ina goyon baya da duk ƙarfina, ai tun a bayan ƙofar zaure nake wannan yaƙi. Sai dai ina roƙon a buɗe wa masu hannu irin Auwalu ƙofar karatu da ba za ta karya su ba, don ba kowa ke da mace irin Sa'a ba. Kuma a gane cewa rataye takarda a bango ba shi ne sa ido ba. Sa ido shi ne mutum mai rai da za ka je gabansa ya tambaye ka, in ka kira shi kuma ya iso. Da can wannan maganar a baki kawai nake yin ta. Daminar bana ce ta nuna mini nauyinta.

Tsufa ya kama Malam Iro, garkensa ya ragu har ya koma shanu uku. Babbar cikinsu, wadda Yaya ya karɓi haihuwarta da hannunsa, ta fara naƙuda wata safiya bayan an kwana ana ruwa, har azahar ba ta haihu ba. Duk fushin da yake yi, Malam Iro ya aika a kira Auwalu, shi kuma yana hutu a gida, ya tafi nan take. Abin da ya biyo baya daga bakin Auwalu na ji, matar Malam Iro ma ta tabbatar mini daga baya. Ya wanke hannu ya duba, ya tarar maraƙin ya zo a gicciye, ga shi ƙato. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya juya shi, ya ƙi. Babu abin da ya rage sai tiyata. Ya buga wa matashin likitan nan na Rogo waya, ashe yana can wajen Ruwan Bago ana rigakafi, rafi ya cika, motarsu ba za ta iya ƙetarewa ba. Likitan ya gaya masa abin da za a yi wa saniyar kafin ya iso, ya ce ya zo da babur ya ɗauke shi daga bakin rafi.

Malam Iro ya riƙe hannunsa. "Ka yi wa tunkiyata ta tashi. Ka yi wa wannan."

"Baba, ba ni da izini, ba ni da kayan aikin. Wancan karon sa'a na ci."

"To ka sake cin ta. Don darajar ubanka, Auwalu."

Auwalu ya ce a rayuwarsa bai taɓa jin abu mai nauyin zare hannunsa daga na tsohon nan ba. Ya zare, ya hau babur. Hanya duk taɓo, wani wurin sai ya sauka ya tura. Kafin su dawo da likitan rana ta yi ƙasa, maraƙin ya mutu a ciki, saniyar ta kwanta ta daina yunƙuri. Likitan ya duba ta sosai, ya ce ko an yi tiyatar yanzu ba za ta kai ba, gara a yanka kafin ta zama mushe. Aka yanka. Malam Iro ya shige gida.

Washegari Auwalu ya zo ya zauna a bakin ƙofar ɗakina, inda yake zama yana ƙarami in an yi masa laifi. Magidanci da 'ya'ya, amma idonsa ya yi ja. Ya ce likitan ya gaya masa daidai ya yi, don tiyatar saniya ba ta tunkiya ba ce, kuma ba tare da maganin kashe zafi da zaren ɗinki ba, da wuya ta rayu. Sannan ya ɗago kai.

"Amma Gwaggo, da na yi, wataƙila da ta tashi."

Ba zan yi masa ƙarya ba. Na ce, "Wataƙila." Kunun da na dama masa ya huce a gabansa.

Na yi ta juya abin a raina tun daga ranar. Har gobe ina kan bakana, daidai Auwalu ya yi, kuma da Yaya ne a wurin haka zai yi. Wanda ya saba yanka ciki don ya taɓa cin sa'a, wata rana garken mutum zai ƙarar, ko ya shayar da 'ya'yan mutane abin da zai cuce su ba wanda ya sani. Amma ba ni na rasa saniya ba, ba kuma masu tsara doka a ofis ba. Tsoho ne a Gwangwan, wanda ita ce babban abin dogaronsa. Don haka ga masu iko da wannan lamari nake cewa, in kun hana mai hannu ɗaukar wuƙa, kun yi daidai, amma kun ɗauki alkawarin kawo likita kusa. Likita ɗaya ga ƙauyuka barkatai, da rafi a tsakani, bai cika wannan alkawari ba.

Yaya bai bar gidan bene ba, bai bar garke ba. Babur ɗinsa ma yanzu rabinsa walda ne. Abin da ya bari shi ne ya san inda aikinsa ya tsaya, bai kuma ji kunyar a ce akwai na gaba da shi ba. Wannan ne ya kasa miƙa wa ɗansa da bakinsa, sai da ɗan ya zaga ta doguwar hanya ya samo shi, ya biya da mutuncinsa a idon gari, ya biya da fushin aminin ubansa. Ina kewar Yaya kullum, har warin maganin kaskar nan nake kewa, amma ban taɓa so a ce yana raye kamar ranar da yaron nan ya zauna a ƙofata ba. Kalma ɗaya daga bakinsa da ta fi duk surutuna.

Ana jibi zai koma makaranta Auwalu ya ce zai je Gwangwan ya yi jaje. Na ce ya bari tukuna, tsohon nan zai iya wulaƙanta shi a gaban mutane. Ya ce ko zagin sa zai yi gara ya je. Ya tarar da shi a gindin bishiyar ƙofar gida yana tufkar igiya. Ya durƙusa ya gaishe shi, Malam Iro ya amsa a daƙile ko kallon sa bai yi ba. Ya yi masa jaje, ya ce Allah Ya mayar da alheri, tsohon ya ce amin a ciki. Da ya ga haka sai ya yi sallama ya miƙe. Har ya kai wajen babur ya ji muryarsa.

"Yaushe za ka gama wannan karatun naka?"

"Baɗi, in Allah Ya yarda."

"In ka gama, za su bar ka ka yi wa saniya tiyata?"

"A'a, Baba. Ko na gama, wannan sai likita."

Malam Iro ya ja dogon tsaki, ya ci gaba da tufka. Can ya ce, har yanzu bai ɗago ba, "To ka dai yi sauri ka gama. Biyu suka rage mini, kuma ban yarda kowa ya taɓa su ba sai kai."

Auwalu ya ce sai da ya fita daga garin sannan ya tsayar da babur a gefen wata gonar dawa, don hawaye sun hana shi ganin hanya.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sada ka da su Inna a gidan rahama. Ɗanka yana nan, kuma ni kam zan ci gaba da kiran sunansa a madadinka.